Uraniyom ɗin Arlit da yaƙin Iraƙi: wa ya shirga ƙarya, wa ya ɗauka?

Nafisa ƴar jami'a: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Malaminmu na tarihi ya ce mana wai har da sunan Nijar cikin hujjojin da Amurka ta kafa kafin ta afka wa Iraƙi a 2003. Ni lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Don Allah wanda ya san zancen ya taimaka, ranar Litinin zan tsaya gaban aji.

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam ɗiyata. Malaminku bai ƙara gishiri ba. Ranar 28 ga Janairu 2003 George Bush ƙarami ya tsaya gaban majalisar ƙasarsu, cikin jawabin da shugabansu kan yi kowace shekara, ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Husaini ya nemi uraniyom mai yawa daga Afirka. Ranar bai faɗi ƙasa ba, amma tun Disamba 2002 ma'aikatar harkokin wajensu ta riga ta kama sunan Nijar ɓaro-ɓaro. Tushen zancen wasu takardu ne da sunka ɓullo ta Italiya, masu cewa gwamnatinmu ta ƙulla cinikin tan 500 da Bagadaza.

Takardun jabu ne, jabun ma na ragwaye. Ɗaya ta watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Habibou a matsayin ministan harkokin waje, mutumin da ya bar kujerar tun 1989. Da sunka isa hannun hukumar nukiliya ta duniya, cikin ɗan lokaci ƙalilan ma'aikatanta sunka gano. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar, Muhammad ElBaradei na Masar, ya gaya wa Kwamitin Sulhu takardun ba na gaskiya ba ne. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Ki lissafa tsakani da kanki.

Nafisa ƴar jami'a: Kenan Mushe sun san ƙarya ce kafin su fara?

Mushe Lawali: Tun kafin jawabin ma. A Fabrairu 2002 CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta turo tsohon jakada Joseph Wilson Yamai, ya zauna da tsoffin manya da mutanen ma'adinai, ya koma ya ce da wuya ƙwarai a yi irin wannan ciniki. Da ya ga an ƙi ji, sai ya fasa ƙwai a jaridar New York Times ranar 6 ga Yuli 2003. Ladan da ya samu, aka tona asirin matarsa cewa ma'aikaciyar CIA ce.

Alhaji Idi direba: Mushe ni abin da ke ba ni dariya, duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari hanyar Arlit ya san wagga magana ba ta kama hankali. Tan 500 ai ba buhun gero ba ne da za ka ɗora ma kabu-kabu ka ratsa daji da shi. Wancan zamani cikin ganguna aka zuba shi, a rufe, a ƙirga, a ɗora ma manyan motoci da rakiyar masu kaki, Tawa, Doso, Gaya, har Paraku, sannan Kwatano. Kuma Somair da Cominak, kamfanonin da ke haƙo shi, hannun Faransawa suke lokacin. Ko ganga guda ta ɓace sai Paris ta sani kafin Tanja ya sani. Da sun tambayi yaran mota na tashar Gaya da an huta.

Hama Bazabarme: Bagobiri ya zama masanin nukiliya, to duniya ta zo ƙarshe 😂

Alhaji Idi direba: Kai bawana yi shiru, manya na magana. Ka tai ka sha kopto ka dawo.

Metir Habu: Ku yi mini haƙuri, zan ɓata muku miya kaɗan. Nafisa, in kin tsaya gaban aji kin ce komai ƙage ne daga sama, malamin kirki zai kama ki. Iraƙi ta taɓa sayen uraniyom daga Nijar da gaske, farkon shekarun 1980 zamanin Kunce, kuma hukumar nukiliya ta san da shi. Jakadan Iraƙi a fadar Paparoma ya zo Yamai a Fabrairu 1999 zamanin Ba'are, wannan ma gaskiya ne. Saddam ya yi wa Kurdawa feshin guba a Halabja a Maris 1988, mutum wajen 5,000 suka mutu. Ya mamaye Kuwait a 1990. Saboda haka lokacin da aka ce yana neman makamin ƙare-dangi, mutane ba su ga abin mamaki ba. Wanda ya shirya maganar ya jingina ta da abubuwan da suka faru ne, shi ya sa ta tsaya da ƙafafunta. Har kwamitin binciken da Birtaniya ta kafa a 2004 cewa ya yi zarginsu na da madogara saboda wancan ziyara ta 1999, ko da yake fadar White House ita ta riga ta yarda bai kamata jimlar ta shiga jawabin ba.

Mushe Lawali: Metir ban musa ba. Sai dai ka ƙara mata cewa lokacin da Saddam ke yaƙi da Iran, su waye abokansa? Donald Rumsfeld, wanda ya jagoranci yaƙin 2003 a matsayin ministan tsaro, shi ne ya je Bagadaza a Disamba 1983 ya yi musabaha da shi. Laifin Halabja ya kwanta shekara goma sha huɗu cikin aljihu, sai ranar da aka buƙace shi aka zaro.

Metir Habu: Na yarda da wannan.

Hajiya Rabi ungozoma: Sannunku da hira. Ni wanda ba na mantawa na yaƙin farko ne, na 1991, saboda ya taɓa aikina. Wata yarinya ƴar shekara 15, aka ce sunanta Nayira, ta zauna gaban ƴan majalisar Amurka a Oktoba 1990 tana kuka, ta ce da idonta ta ga sojojin Iraƙi sun shiga asibiti a Kuwait sun fidda bakwaini daga kwalabensu sun bar su ƙasa sun mutu. Duk macen da ta taɓa riƙe bakwaini a tafin hannunta, in ta ji wannan ba ta sake tambayar komai. Bush babba ya yi ta maimaita labarin. Majalisar dattawansu ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52 da 47, kun ga tazarar ba yawa. Sai a 1992 aka gano yarinyar ɗiyar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma wani kamfanin tallace-tallace da aka biya shi ya shirya zaman. Har Amnesty da ta ɗauki labarin da farko ta janye.

Abin da ke ƙona mini rai, sojojin Iraƙi sun yi ta'asa ta gaskiya a Kuwait, amma ba a ga ta isa ba sai da aka ƙirƙiro jarirai.

Alhaji Idi direba: Hajiya wannan yaƙi ai har mu munka je. Ali Shaibu ya tura sojojinmu Saudiyya. Mu kuma nan gari ana ta raɗa ma yara suna Saddam, hotonshi bayan kowace mota. Gwamnati gabas, talakawa yamma.

Hajiya Rabi ungozoma: Wallahi Alhaji, Saddam nawa na yanke wa cibi shekarar nan.

Salisu na rediyo: Bari in faɗi yadda abin yake ta ɓangarenmu, don kullum mu ake zagi. Ƙaramin gidan rediyo a Maraɗi ba shi da wakili a Bagadaza ko Tarabulus. Labarin waje daga kamfanonin dillancin labarai yake zuwa, AFP ko Reuters, ko mu saurari manyan tashoshi mu juya shi zuwa Hausa. In na sama ya sha, mu ma mun sha. To na saman yaya aka yi suka sha?

Misali ɗaya ya isa. Ranar 8 ga Satumba 2002 New York Times ta buga a shafin farko cewa Iraƙi na neman wasu bututun alminiyom don haɗa nukiliya, majiyarta jami'an gwamnati da ba a faɗi sunansu ba. Safiyar ranar mataimakin shugaba Dick Cheney ya shiga talabijin ya ce ga shi ma jarida ta faɗa. Wato su suka ba jarida, kuma su suka dawo suna kafa hujja da jarida. Mai sauraro gani yake baki biyu ne suka shaida, alhali baki ɗaya ne ya yi magana sau biyu. Ana haka har wani binciken ra'ayi na Washington Post a 2003 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na Amurkawa na zaton Saddam na da hannu a harin 11 ga Satumba, abin da babu hujjarsa ko ɗaya. New York Times ɗin ta fito a Mayu 2004 ta ce ba ta yi bincike yadda ya kamata ba. Lokacin an yi shekara guda ana binne mutane.

Nafisa ƴar jami'a: Yaya Salisu to shi Colin Powell da na ga hotonsa riƙe da ƴar kwalba fa?

Salisu na rediyo: Wannan 5 ga Fabrairu 2003 ne a Kwamitin Sulhu, lokacin shi ne sakataren harkokin wajen Amurka. Kwalbar misali ce kawai, ba daga Iraƙi aka kawo ta ba, amma hoton ya zagaye duniya, kuma hoto ya fi jawabi daɗewa a kai. Maganar ɗakunan haɗa ƙwayoyin cuta a bisa manyan motoci da ya yi ranar, daga bakin wani ɗan Iraƙi mai neman mafaka a Jamus ta fito, wanda a 2011 ya fito da kansa ya ce ƙirƙira ya yi. Kuma ki lura, Powell bai sa maganar uraniyom ɗin Afirka cikin jawabinsa ba, mako guda kacal bayan shugabansa ya faɗe ta. Wannan kaɗai ki tambayi ƴan ajinku me ya sa.

Abdul Zancen Ƙasa: Ai shi ke nan kun gama magana da bakinku. Kafofin Turawan Yamma duk maƙaryata ne, BBC, RFI, Muryar Amurka, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Shi ya sa ni yanzu ba na sauraron kowa sai tashoshin ƴan kishin Afirka da na Rasha. Su ne ke faɗin gaskiya.

Mamman ɗan Libiya: Abdul tsaya in ba ka nawa kafin ka yanke. Ni a 2011 ina Libiya ina aikin gini. Farkon rikici aka fara cewa Gaddafi ya kawo sojojin haya baƙaƙen fata daga Afirka suna kashe mutane. Kuma ba Turawa kaɗai ba, tashoshin Larabawa na Golf sun fi kowa bugawa dare da rana. Daga ranar duk baƙin mutum ya zama sojan haya. Mu da muka je ɗaukar siminti. Muka kulle kanmu cikin kangon da muke aiki, mai kai mana burodi ma tsoro ya hana shi zuwa. Wani yaro ɗan wajen Tasawa ya fita neman ruwa, har yau ba mu san inda yake ba. Da ƙyar muka samu mota zuwa Saba, daga nan Dirku, daga nan Agadas, kuɗin aikina na wajen mai gini har gobe. Daga baya masu binciken Amnesty suka ce yawancin waɗanda aka kama da sunan sojojin haya leburori ne ƴan ci-rani. Mu ai mun san haka tun ranar farko, ba wanda ya miƙo mana makirfo.

Hajiya Rabi ungozoma: Allah sarki. Allah ya jiƙan na ƙasa, ya bayyana na ɓoye.

Mushe Lawali: Amin. Na Libiya ya fi na Iraƙi kusa da wuyanmu. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 na 17 ga Maris 2011 cewa ya yi a kare farar hula a hana jirage tashi. Bai ce a kifar da gwamnati ba. Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon duk sun ɗaga hannu, Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil sun yi rowar ƙuri'a. Wata bakwai Otan, ƙungiyar tsaro ta NATO, na luguden wuta har aka kashe Gaddafi a Sirt ranar 20 ga Oktoba. Rumbunan makamai suka buɗe, 2012 arewacin Mali ta faɗi, Mayu 2013 aka tada bam a barikin Agadas da ma'aikatar Somair a Arlit rana ɗaya. A 2016 kwamitin majalisar Birtaniya ya ce an zuzuta barazanar da ake cewa farar hula na ciki. Su sun rubuta rahoto, mu muna zaune cikin abin.

Metir Habu: Nan ma sai an faɗi ɗaya rabin. Gaddafi da bakinsa ya fito talabijin a Fabrairu 2011 ya kira masu bore ɓeraye, ya ce za a bi su gida-gida, lungu-lungu. Mutumin Bangazi da ya ji wannan tsoronsa na gaskiya ne. Masu son yaƙi ba su ƙirƙiri jawabin ba, shi ya miƙa musu.

Abdul kuma, ƙanena, zo mu zauna. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 Putin ya tura tankoki Yukiren ya ce zai kare mutanen Donbas daga kisan ƙare-dangi, ya kuma kawar da ƴan Nazi. Cikin kwanaki aka yi doka a Rasha, wanda ya yaɗa abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya kan soja zai iya shan ɗaurin shekara 15, ko kiran abin yaƙi ma an hana. A 2014 ya ce sojojin da suka cika Kirimiya ba nasa ba ne, daga baya da kansa ya ce nasa ne. Ka cire sunayen ka karanta: akwai mugu, akwai bayin Allah da za a ceta, babu lokacin jira, mai tambaya munafuki ne. Ina bambancinsa da na Bush?

Abdul Zancen Ƙasa: Bambancin shi ne Otan ce ta matso har ƙofar gidansa. Kai Metir kullum kana kare Turawa.

Metir Habu: Yanzun nan na gama yarda da Mushe kan Rumsfeld. Matsowar Otan magana ce da za a iya zama a yi, manyan masana na Amurka ma sun yi gargaɗi a kai. Amma kai ka ce tashar Rasha gaskiya take faɗi, shi nake tambaya. Takardun jabun Nijar ma wa ya tona su? Wani Bamisire a hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, da jakadan Amurka, da ƴan jaridar Amurka da Italiya. Wa ya tsaya a Kwamitin Sulhu ranar 14 ga Fabrairu 2003 ya ƙi yaƙin har aka tafa masa? Ministan Faransa, de Villepin. Faransar nan dai da ta ja gaba wajen rusa Libiya bayan shekara takwas. Ƙasa ba ta da gaskiya ta dindindin, inda ribarta take nan bakinta yake.

Abdul Zancen Ƙasa: To mu da aka so a kawo wa yaƙi a 2023 fa? Shi ma Rasha ce?

Mai kula da zaure: Jama'a a taka a hankali. Maganar waje muke, kowa ya san dokar yanar gizo. Wanda zai taɓo na gida ya tsaya kan abin da kowa ya gani da idonsa.

Hajiya Balki ƴar kasuwa: Abin da ido ya gani zan faɗa. Ranar 30 ga Yuli 2023, bayan juyin mulkin soja a Yamai, Sedeyawo (ECOWAS) ta zauna Abuja ta ba da wa'adin mako guda, ta ce ko da ƙarfin soja. Suka ce don talakan Nijar suke yi, don dimokuraɗiyya. To talakan ne aka yanke wa kuran, aka rufe masa Ɗan Isa, shinkafa da magani suka yi tashin gwauron zabo. Kayana sun kwana Jibiya har suka lalace. Ni ban karanta siyasa ba, amma wanda ya ce yana sona ya kashe mini firiji, sai in tambaye shi wane irin so ne.

Mushe Lawali: Hajiya kin taɓo inda nake son zuwa. Me ya sa wancan yaƙi bai yiwu ba, alhali an yi wa'adi, hafsoshi sun zauna, an ce rundunar ko-ta-kwana ta shirya? A ganina saboda labarin ya kasa shiga kunnen mutanen da za su yi yaƙin. Ba'amurken ƙauye bai san Iraƙi ba, bai san Nijar ba, duk abin da aka zana masa shi zai gani. Amma ba ka iya gaya wa mutumin Katsina cewa mutanen Maraɗi dodanni ne, gwaggonsa na Zariya ta biyu, surukinsa na Madarunfa. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi zancen soja tun 5 ga Agusta, Sarki Sanusi ya zo Yamai, malamai suka biyo baya. Ƙaryar yaƙi nisa take so.

Metir Habu: Ina son in yarda Mushe, amma Rasha da Yukiren fa? Auratayya, yare, coci, babu abin da ba su haɗa ba. Sudan ma ƴan gari ɗaya ne. Zumunci ya taimake mu a 2023, amma ina ganin rashin kuɗi da rashin shiri da tsoron abin da zai biyo baya su ma sun yi aiki. Kada mu kwanta a kan cewa mu ba a iya zuga mu.

Salisu na rediyo: Kuma ku tuna makonnin nan abin da wayoyinmu suka cika da shi, ta kowane ɓangare. Yau jiragen yaƙi sun sauka Katsina, gobe an ga tankoki a Kwanni, jibi murya ta minti bakwai daga wani "babban soja" da ba shi da suna. Mutane na kirana tsakar dare in tabbatar musu. Da, sai gwamnati ta nemi jarida da kamfanin talla kafin ta tsorata jama'a. Yanzu yaro ɗaya da salula da kuɗin megabit ya isa, kuma mu da kanmu muke raba masa kyauta.

Hama Bazabarme: Alhaji Idi kaɗai ya turo mini guda goma lokacin.

Alhaji Idi direba: Ƙarya kake, tara ne. Kuma kai ka fara gudu ka ɓoye bayan buhunan albasa.

Abdul Zancen Ƙasa: Ku yi ta dariya. Ga bidiyo nan na turo yanzu, ayarin motocin sojan Faransa ne a kan iyaka, daren jiya aka ɗauka. Sai ku ce shi ma ƙarya ne.

Mai kula da zaure: Abdul na sauke shi tukuna. Wace iyaka? Babu allo, babu lambar mota, ba a jin yaren kowa sai kiɗa da aka ɗora.

Mamman ɗan Libiya: Na gan shi kafin a sauke. Ciyawa kore shar a gefen hanya, mu kuwa rabonmu da ruwa tun watan tara.

Abdul Zancen Ƙasa: Ƙanen matata ne ya turo mini daga Agadas, kuma shi ba ya ƙarya.

Salisu na rediyo: Ba wanda ya ce yana ƙarya. Kira shi ka tambaye shi wa ya turo masa, in ya faɗa ka karɓo mini lambar, ni zan bi sauran.